Daidai ruwa daidai tsaki: sandar fatsa a rafukan Bajiniya

Duk ranar da na tura hoton kifin da na kama zuwa gida, sai kawuna na Wudil ya kira ni: "Ɗana, duk ruwan Amurka ka rasa abin kamawa sai wannan ɗan mitsitsin?" Ba na ganin laifinsa. A wurinmu fatsa wasan yara ce, su na gaskiya na masu taru ne da masu homa da gora. A Argungu ma, tun 1934, wanda ya fito da giwan ruwa mafi girma daga Matan Fada shi ake yi wa guɗa. Da girman kifi muke auna masunci.

Ni kuwa shekara uku ke nan ina bin ƙananan rafukan da ke zuba cikin kogin Rivanna a jihar Bajiniya, ina neman waɗanda mutanen nan suka haɗa wa suna guda, "panfish", mai nufin kifin kasko. Akwai bulugil, akwai ɗan'uwansa mai jan ƙirji, yawanci ba su wuce tafin hannu ba. Ranar da na fara riƙe bulugil sai da gabana ya faɗi, don kamar karfasa ce sak: jiki mai faɗi, ƙaya a gadon baya. Wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni namijin kan share ɗan gurbi kamar kwano a kan yashi, ya tsaya yana gadi, yadda muke ganin ramukan karfasa a bakin ruwa muna yara.

Fatsar da na koya a nan ba irin tamu ba ce. Ba a sa tana. Ƙugiya ake ɗaure wa gashin tsuntsu ko guntun soso da ƙafafun roba, ta yi kama da ƙwaron da ya faɗo ruwa. Tunda ba ta da nauyi, zaren ne ke ɗaukar ta idan ka wurga, sanda kuma ita ke wurga zaren. Shi ya sa kowace sanda ke da lamba, mai nuna nauyin zaren da ya dace da ita. Tun farkon shekarun 1960 masu ƙera kayan suka yi ittifaƙi a riƙa auna ƙafa 30 na farkon zare: lamba 3 kusan giram 6 da rabi, lamba 5 kusan giram 9.

Sandar da aka fara sayar mini lamba 5 ce, mai ƙafa 9, ta girafait (wani sinadari mai tauri marar nauyi), irin wadda ake miƙa wa sabon shiga. A babban kogi ba ta da aibu. Amma rafin da nake zuwa faɗinsa bai fi ɗaki ba, rassa sun rufe samansa ruf. Na ɗaga, ta maƙale. Na wurga, ƙugiya ta tafi bishiya. Idan na samu kifi ya kama, sai ya biyo zare kamar ganye, hannuna bai ji komai ba. A fita ta huɗu kan sandar ya karye a jikin reshe.

Wani dattijo maƙwabcina ne ya ara mini tasa, 'yar gajeruwa ta faiba, ƙafa 7, lamba 3, ta girme ni. A ranar na gane inda gizo ke saƙa. A ƙaramin rafi da wuya ka wurga fiye da ƙafa 15 ko 20, wato zaren da ke waje bai kai nauyin da aka ƙera sandar dominsa ba. Sanda mai tauri ba za ta tanƙwaru da wannan ɗan nauyin ba, sai ka yi ta fama da ƙarfin kafaɗa. Ta faiba kuwa tana da laushi, tana lanƙwasa tun daga tsakiya, ta mirgina zaren a kan ruwa ba sai ka kai shi baya ba. Na sauke ɗan soson a ƙarƙashin wata saiwa, na bari zoben ruwan ya lafa, na ɗan girgiza. Sai na ji "cap", kamar an tsotsi leɓe. Bulugil ya juya gefensa mai faɗi yana zagaye, sanda ta rusuna har kusa da hannuna. Rabon da in ji haka tun ina aji huɗu a firamare.

Don haka wanda ya tambaye ni sandar da ta dace da ƙaramin rafi, amsata ɗaya ce: lamba 3, ƙafa 7 ko 7 da rabi, mai laushi. Akwai masu son lamba 1 ko 2, ban bi su ba, don ɗan soson nan iska na riƙe shi, kuma wata rana babban kifi zai iya hawa ƙugiyar. Kwarkwaron naɗe zare kuwa ma'aji ne kawai, kada ka zuba masa kuɗi. A kantunan nan akwai sandar da ta haura dala 1,000. Tawa da na saya daga baya ba ta kai dala 60 ba.

A nan ne nake komawa bayan mutanen gida. Wannan ilimin da ake bugawa a mujallu, yaran bakin kogi sun daɗe da saninsa. Mukan yanko doguwar gora idan a buɗaɗɗen gaɓa za mu zauna, gajeruwa idan a ƙarƙashin bishiya ne, kuma ba wanda ke zaɓar mai tauri, sai mai lanƙwasa. Guntun silifa shi ne abin da ke nuna mana an ja. Wajen 2009 aka shigo Amurka da tenkara daga Japan, sanda da zare a ɗaure a kai, babu kwarkwaro. Da na gan ta na ce wannan ai fatsarmu ce. Abin da ke damuna shi ne mu mun raina tamu, yaro na girma sai ya jefar.

Inda Amurkawa suka fi mu shi ne tattalin ruwan. Sai da lasisi kake jefa ƙugiya, kuma akwai iyakar abin da za ka ɗauka a rana. Na tuna masu tace ruwa da gidan sauro, su kwashe har 'ya'yan da ba su kai ɗan yatsa ba, da masu zuba guba, sai zuciyata ta ɓaci. Amma ban yarda da masu cewa dole a saki duk abin da aka kama ba. Bulugil na hayayyafa sosai, idan suka cika ruwa ma tsumburewa suke yi. Nakan saki manyan maza masu gadin gurbi, in riƙe matsakaita biyar ko shida, in soya da man gyaɗa, in barbaɗa yajin da innata ta aiko.

Sandata gida uku take rabuwa, tana shiga akwati. Na faɗa wa kawu idan Allah ya kai mu ƙarshen shekara zan zo da ita, mu sauka ƙasan gadar Wudil da sassafe mu gwada ta a kan karfasa. Ya ce to, amma shi da tanarsa zai zo.