Yadda a-kori-kura ta kori tankokin Gaddafi daga Chadi

A farkon 1987, duk wanda ya auna rundunar Libiya da ta Chadi zai ce magana ta ƙare. Gaddafi na da kuɗin mai, da tankokin Tarayyar Sobiyet, da jiragen yaƙi, ga sansanoni a Fada da Faya-Largeau da Wadi Dum, a arewacin Chadi da ya mamaye. Abin da sojojin shugaban Chadi Hissène Habré suka dogara da shi kuwa motocin Toyota ne, a-kori-kura, waɗanda aka girke wa makaman MILAN masu fasa tanka da Faransa ta bayar.

A ganina rashin tankar nan ne ya taimake su. Tanka na shan mai, tana buƙatar makanikai da jerin motocin kawo kaya, don haka a hamada ko ta bi hanyar da kowa ya sani, ko ta zauna a sansani tana jira. Toyota kuwa gudu take a kan rairayi, ta ɓullo ta inda ba a zata ba, ta harba, ta yi gaba kafin a juyo da bakin bindiga. Mayaƙan kuma akasarinsu ƴan arewacin ƙasar ne, sun san rijiyoyi da kwazazzabai. Ranar 2 ga Janairu Hassan Djamous, kwamandan sojojin Chadi, ya faɗa wa Fada, aka ƙone tankoki masu yawa cikin yini guda. A watan Maris Wadi Dum ta faɗi, cikin waɗanda aka kama har da hafsan sojan Libiya Khalifa Haftar, wanda yanzu ke juya gabashin Libiya.

Sai dai masu son labarin jarumtar talaka sukan tsallake wani sashe. Jiragen Faransa ne suka tsare sararin N'Djamena, kuma mayaƙan Goukouni Oueddei, tsohon shugaban Chadi da Libiya ke mara wa baya, sun riga sun juya wa Gaddafi baya. Da Habré ya ƙwace Aouzou, a yankin kan iyaka da ƙasashen biyu ke jayayya a kai, a watan Agusta ba tare da kariyar jiragen Faransa ba, wata bai ƙare ba Libiya ta karɓe ta da ruwan bama-bamai. Sai a 1994 Kotun Duniya ta tabbatar wa Chadi yankin.

Dabarar mai rauni kuma tana da araha, kowa na iya ɗauka. A Disamba 1990 Idriss Déby, tsohon kwamandan Habré, ya taso daga Darfur da irin waɗannan motoci, ya kori ubangidansa daga N'Djamena.