Hawayen Glenn Beck da Masu Tonon Addininsa

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya duk lokacin da aka tada zancen Glenn Beck, mai sharhin siyasa a rediyo da talabijin, shi ne yadda wasu masu ra'ayin riƙau a Amurka ke ture maganganunsa gefe guda, su koma tonon addininsa. Beck ya taso a gidan Katolika, ya yi fama da shaye-shaye, sannan a 1999 ya shiga cocin Mormon, wanda aƙidarsa ta sha bamban da ta yawancin cocin Kirista, kuma da bakinsa yake cewa wannan sauyin ne ya ceto rayuwarsa. Lokacin da yake gabatar da shiri a tashar Fox News daga 2009 zuwa 2011, yana zubar da hawaye a gaban kyamara yana sukar gwamnatin Obama, da yawansu yabonsa suke yi, kuma a watan Agustan 2010 sun yi tururuwa zuwa birnin Washington domin gangamin da ya kira.

Wasu limaman Kirista tun a wancan lokaci suka ce ba za su yarda ɗan Mormon ya ja ragamarsu a kan al'amarin imani ba, kuma ina girmama matsayinsu, domin saɓanin aƙida ne da ba su taɓa ɓoyewa ba. Masu ɓata mini rai su ne waɗanda suka yi gum har zuwa 2016, sai da ya mara wa Sanata Ted Cruz baya a neman takarar shugaban ƙasa ta jam'iyyar Republican ya ƙi Trump, sannan kukansa ya zama wasan kwaikwayo a wurinsu, cocinsa kuma abin zargi. Ni ma ina da ja a kan labaran makirci da ya sha yaɗawa ba tare da ƙwaƙƙwarar hujja ba, kuma a kansu ne ya kamata a tuhume shi.