Tafiyar minti 40 da ban bar gaɓa ba

Ni da ruwa tun ina yaro muke tare. Duk faɗan da na sha a kan zuwa iyo bai raba mu ba, har na yi gemu na mallaki ɗan kwale-kwalena. Shekara 30 ke nan ina tuƙi, kuma ba lokacin da nake so kamar asuba. Iska ba ta tashi ba tukuna, don sai rana ta gasa ƙasa take fara kaɗawa, ruwa kuwa a shimfiɗe kamar faranti. Gwani nake ɗaukar kaina, ban ɓoye muku ba.

Ranar da abin ya faru hazo ya sauka sosai. Haka yake yi in dare ya yi sanyi: ruwa ya riƙe ɗuminsa, iskar da ke kansa ta huce, sai ya riƙa tururi kamar tukunya a kan murhu. Ko bakin jirgin da ƙyar nake hangowa. Na ɗaura rigar kariya, na kwance igiyar gaba daga turke, na sa filafili na tura.

Da farko tafiya ta yi daɗi. Can sai jirgin ya yi turjiya, kamar an kama masa wutsiya. Na ce to, igiyar ruwa ce, mun saba. Na gyara zama na ƙara ƙaimi, dama hagu, dama hagu, gumi na tsiyaya duk da sanyin nan. A cikin hazo ba bishiya ba dutse da za ka auna tafiyarka da shi. Muddin ruwa na wucewa ta gefenka, zuciya cewa take gudu kake yi. Da na ƙiyasta na ci rabin kogi, sai na saki murya. Na rera waƙa, na yi wa kaina kirari, har gori na yi wa ruwan cewa ba yau ya fara ganina ba. Na manta da asuba sauti nisa yake yi a kan ruwa, don iska mai sanyi da ke ƙasa-ƙasa lanƙwaso shi take yi, ba ta barinsa ya ɓace sama.

Minti 40 ina wannan fama. Rana ta leƙo, hazo ya fara yayewa, na waiga: ga gaɓa nan a bayana, bai fi mita 20 ba. Ashe igiya ce ta riƙe ni, ban yi ƙarya ba, amma ba ta ruwa ba. Ta baya ce, wadda na ɗaure da hannuna jiya da yamma, irin ɗaurin da nake koya wa yara ina taƙama ba ya kwancewa. Ta miƙe ɗam kamar tsirkiya.

Kusa da turken kuma wani dattijo ne zaune da ƙugiyarsa, da yara uku, duk sun zuba mini ido.

"Malam, sannu da hanya," in ji shi. "Ya ka baro mutanen tsallake?"

Na ce, "Baba, ai motsa jiki nake yi."

"Haka na gaya wa yaran nan. Tun ɗazu ƙaramin ke son kwance maka ita, na hana shi, na ce a bari waƙar ta ƙare."

Na ajiye filafili, na kama igiyar na jawo kaina gaɓa, ko minti ɗaya ban yi ba. Ina sauka ƙaramin ya matso, ya tambaye ni ko gobe ma zan zo, wai yana so ya gayyato yayansa.