Sabon bod na Commodore 64: a fara kare tsofaffin aisi kafin a zo maganar kwalliya

Kwamfutar Commodore 64 ta fito tun 1982, kamfanin da ya ƙera ta kuma ya durƙushe a 1994, to ka ga duk wadda ta rage a hannun mutane yau bod ɗinta ya gaji. Shi ya sa ake ta yin sababbin madabod da za su zauna daidai a cikin tsohon gidanta, irin su C64 Reloaded da Ultimate 64, kuma wallahi aiki ne mai kyau. Amma duk lokacin da aka ce masu ita su faɗi abin da suke so a sabon bod sai ka ji ana lissafo Wi-Fi da USB da ƙarin gudu da memori mai yawa, ni kuma gani nake an bar jaki ana dukan taiki.

Abu na farko shi ne wuta. Tsohuwar adaftarta an cike cikinta da wani danƙo mai tauri ta yadda ba ta gyaruwa, kuma in ta tashi lalacewa ba mutuwa take yi ba, layin bolt 5 ne yake haurawa sama a hankali har ya soye aisin memori (aisi, wato IC, ƙananan baƙaƙen kayan lantarki masu ƙafafu da ke kan bod). Na taɓa kunna tawa allon ya kawo baƙi wuluk, na ɗora yatsa kan aisin memori ɗaya sai da na janye da sauri don zafi, a ranar na rasa guda uku. Bod ɗin da ba zai yanke wuta da kansa ba in ta wuce ƙa'ida, ni dai ba na so ko da me aka ƙawata shi.

Sai maganar soket, kuma nan ne zuciyata take. Abin da ya sa kwamfutar nan ta zama ita ai aisinta ne, 6510 mai gudun kusan megahaz 1, da VIC-II mai hoto, da SID mai sauti, kuma an daina ƙera su tuntuni, wanda ya ƙone ya tafi kenan. To a sa kowanne a soket mai kyau yadda mutum zai cire ya mayar ba sai ya kusanto da ƙarfen soda ba. SID ɗin ma kala biyu ne, tsohon 6581 bolt 12 yake ci, na baya 8580 bolt 9, in ka ba na bayan wutar na farkon ka kashe shi nan take, don haka bod ya gane wanda aka saka masa da kansa, ko a ƙalla a rubuta ɓaro-ɓaro kusa da jampa, wato ɗan abin da ake sauyawa a zaɓi wutar. Kuma tunda sautinsu ba ɗaya ba ne, ko 6581 biyu ma kowanne da muryarsa, a bar gurbi biyu mana.

Na san masu FPGA, wato aisin da ake tsara shi ya yi aikin wasu aisin, za su ce ai nasu ya huta da duk wannan tunda aisi ɗaya ne yake kwaikwayon sauran, kuma suna da gaskiya, rana na zuwa da ba za a sami na asalin ba. Ban ƙi ba. Amma ko Ultimate 64 ɗin da FPGA ne sai da ya bar soket na SID na gaske, saboda kunne ba ya ƙarya.

Hoto kam a cire akwatin eriyar nan a ba mu S-Video mai tsabta, in za a sa HDMI a tabbata ba ya jinkiri, don wasannin nan da ƙiftawar ido ake cin su. Ramukan katirij da joyistik da kaset su tsaya inda suke, kar a sa mutum ya ɗauki zarto ya yanka robar da ta shekara 40 lafiya lau. Katin SD ba laifi, duk wanda ya taɓa zaman jiran 1541, na'urarta ta karanta faifai, ta loda wasa ya san dalili.

Ƙarin gudun nan ne ban gane masa ba. Masu rubuta wasannin wancan lokaci ƙirga kowane bugun aisi suke yi suna daidaita shi da layin da ke sauka a talabijin, da ka ƙara gudu hoto ya wargaje. In dole sai an sa, a bar shi a kashe sai wanda ya nema.

Sannan don Allah a saki zanen bod ɗin ga kowa. Tsohon ya kai yau ne saboda zanensa yana hannun masu gyara, suna bin layi da mita har su kamo inda ya yanke. Sabon ma zai tsufa, kuma masu yin sa galibi mutum ɗaya ne ko ƙaramin kamfani, in suka daina ba zane a ƙasa wa zai gyara shi?