Kafin ka sayo ragon waje, ka san abin da ya faru da makiyayan Aislan

Jama'a masu kiwo, musamman ku da kuka shiga yayin tumakin Dorper da awakin Boer da Saanen na waje ana ɗora hotonsu a Facebook ana kiran kuɗi masu nauyi, akwai wata cutar tumaki da awaki da ya kamata mu yi maganarta, sikirafi ake ce mata. Tun 1732 aka san da ita a Ingila. Tunkiya za ta kama goga jiki a jikin shinge ko bishiya har gashin ya zube fata ta yi ja, tana ci amma tana ramewa, tana tangaɗi, in ka sosa mata baya sai ta ɗaga kai tana motsa leɓe, wanda bai sani ba sai ya ce ƙazwa ce ya je ya sayo allura, alhali abin a ƙwaƙwalwa yake. Babu magani, babu rigakafi, duk wadda ta kama to mutuwa ce.

Abin da ya sa take da wuyar sha'ani shi ne ba ta nuna kanta da wuri. Ɗan tunkiya yakan ɗauka tun ranar haihuwa ta mabiyiya da ruwan haihuwa, sai ya yi shekara 2 zuwa 5 lafiyarsa ƙalau a ido, a tsakanin nan an sayar da shi, ya haihu, ya shiga garke nawa. Kuma abin da ke kawo ta wani gurɓataccen furotin ne da ake kira firayon, tafasa ba ta kashe shi, maganin feshi na yau da kullum ma haka, a ƙasar Aislan da ke arewacin Turai an samu garken da aka kwashe tumakinsa cutar ta dawo bayan shekara 16.

Labarin Aislan ɗin nan shi ya fi tsaya min a rai. Ana danganta shigar cutar ƙasar da rago ɗaya tak da aka shigo da shi ta Denmak a 1878. Rago ɗaya fa. Daga 1986 gwamnati ta ɗau doka mai tsanani, in an samu tunkiya ɗaya da ita to duka garken za a kashe, a ƙone katakon garken, a kankare ƙasar wajen a zuba sabuwa, mai gonar ya zauna shekara biyu ko uku ba tunkiya, ga ƙasar an yanyanka ta shiyya shiyya da shinge ba a tsallakawa da dabba. A 2023 ma a yankin Miðfjörður gona ɗaya an kashe mata tumaki kusan 700, maƙwabciyarta ma ta bi. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san wannan ba maganar kuɗi kaɗai ba ce, mutum ya gaji irin tumakin daga kakansa, ya san wacce ke haifar tagwaye, ya san wacce ba ta yarda da ɗanta, rana ɗaya mota ta zo ta kwashe su gaba ɗaya. Ana biyan diyya, gaskiya ne, kuma ba don diyyar ba wallahi da yawa ɓoyewa za su yi su sayar da dabbar cikin dare.

Ni ban ce dokar banza ce ba, ta rage cutar sosai. Amma shekara kusan 40 ana kashewa ba ta ƙare ba, to dole mutum ya yi tambaya. Ingila ta bi wata hanya daban a 2001, bayan tashin hankalin da suka sha da cutar haukan shanu. Masana sun gano akwai tumakin da a halittarsu cutar da ƙyar take kama su, masu wani nau'in ƙwayar halittar gado da ake kira ARR, akwai kuma masu nau'in VRQ da nan da nan suke kamuwa, sai gwamnati ta ɗau nauyin gwada jinin raguna, mai kyau a bar shi ya yi barbara, mai rauni a dandaƙe shi ko a yanka. Makiyayi ya san wannan aikin tun fil azal, zaɓen rago ne, illa dai yanzu da gwajin jini ake yi. Su Aislan an daɗe ana ɗauka tumakinsu ba su da ARR sam, sai a farkon 2022 aka same shi a wata gona a gabashin ƙasar, kuma yanzu ta nan suka karkata, ana yaɗa irin, an fara ƙyale masu jinin kariya maimakon a haɗa kowa a kashe. Wannan ce dokar da nake goyon baya da zuciya ɗaya.

Amurka kuma nasu ƙarfin yana kan lambar kunne. Tun 2001 tumaki da awakin haihuwa ba sa tsallaka jiha sai da lamba, mai saye da mai sayarwa su ajiye takardu shekara 5, in an samu cutar a mayanka sai a bi lambar har gonar da aka haifi dabbar. Ostireliya da Niyu Zilan da ba su da cutar, tsare ƙofar shigowa suka yi ƙam.

To mu fa? Ragon da aka saya a Maigatari ko Potiskum ko Illela, bayan kasuwa biyu ko dillalin bai san garken da ya fito ba. Balami da Uda da Yankasa da jar akuyarmu dukiya ce da ba mu da madadinta, kuma yanzu muna da ma'aikatar kiwo ta tarayya tun 2024, ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom. Abin da nake roƙo su fara da dabbobin da ake shigowa da su daga waje, lamba a kunne, killacewa kafin a haɗa su da na gida, da dokar diyya a rubuce tun kafin wani abu ya faru. Kai kuma ɗan'uwa mai saye, ka nemi takardar lafiya ta ƙasar da aka ɗauko dabbar, ka tambayi ko an gwada jinin ragon, in tunkiya ta haihu ka binne mabiyiyar da zurfi kar ka bari sauran su lasa, in kuma ka ga babbar tunkiya tana susa tana tangaɗi ta ƙi jin magani, ka ware ta ka kira likitan dabbobi, kar ka kai ta kasuwa.