Dutsen Zuma fa ba a Abuja yake ba

Abin nan yana ɗan damuna, duk wanda ya taso daga Katsina zai je Abuja, da ya wuce Kaduna ya hango Dutsen Zuma sai ya ciro waya ya ɗau hoto ya rubuta "mun shigo Abuja". Kuma ba laifinsu ba ne, ana ce mashi ƙofar Abuja, ga shi a jikin tsohuwar takardar naira 100, to dole mutum ya ɗauka na babban birnin ne.

Amma dutsen a jihar Neja yake, kusa da Madalla a yankin Suleja, sai ka ƙara gaba ka kai Zuba sannan ka shiga yankin birnin tarayya. Dutsen da ke cikin Abuja shi ne Aso, wanda fadar shugaban ƙasa ke gindinsa.

Ruɗanin yana da asali. Lokacin jihadi Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya da jama'arsa suka yo kudu wajen Zuba, daga baya ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, nan kusa da dutsen, a ƙasar da Gwari da Koro suka daɗe zaune. Da gwamnatin Murtala ta yanke gina sabon babban birni a 1976 sai aka ɗauki sunan aka ba shi, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Don haka dattijon da ya yi fatauci ta wannan hanya tun kafin 1976, in ya ce maka dutsen a Abuja yake, Suleja yake nufi.