Davy Crockett da rigimar gonar talaka

Amurkawa sun fi tuna Davy Crockett da farauta, da hular fata, da mutuwarsa a yaƙin Alamo da ke Texas a 1836. A ganina an bar jaki ana dukan taiki. Abin dubawa a rayuwarsa shi ne zamansa a majalisar dokokin jihar Tennessee daga 1821.

An haife shi a 1786, manomi ne mai sassabe daji, karatunsa bai wuce na 'yan watanni ba. A shekarar da aka zaɓe shi, ambaliya ta yi awon gaba da injin niƙa da wurin haɗa albarushi da ya gina da kuɗin bashi a bakin rafin Shoal Creek. Ya kwashi iyalinsa zuwa yammacin jihar, kusa da kogin Obion, ya sake ɗaukar gatari.

A can ya ga matsalar da idonsa. Jihar North Carolina, wadda Tennessee ke ƙarƙashinta a da, ta daɗe da raba wa tsoffin sojojinta takardun filaye a ƙasar Tennessee, 'yan kasuwa kuma suka saye takardun da arha. Sai talaka ya sare itatuwa, ya cire kututture, ya kafa ɗakin katako, ya ci amfanin damina biyu ko uku, rana tsaka wani ya iso da takarda ya ce fili nasa ne. Crockett ya kafe a kan a sayar wa mazauna gonakinsu da farashin da za su iya biya. Lauyoyin majalisa sun fi shi iya tsara magana, amma shi maƙwabtansa ne ake kora, shi ya sa bai saki maganar ba har bayan da ya shiga majalisar tarayya a 1827, inda ta raba shi da James Polk, wani wakilin Tennessee, da sauran mutanen Andrew Jackson, wanda ya zama shugaban ƙasa a 1829.

Kada dai a mai da shi waliyyi. Ya mallaki bayi, ya yaƙi ƙabilar Creek, kuma filin da ya zauna a kai na 'yan ƙabilar Chickasaw ne kafin yarjejeniyar 1818 da ta miƙa shi ga gwamnatin Amurka. Duk da haka, a 1830 shi kaɗai ne cikin wakilan Tennessee ya jefa ƙuri'ar ƙin amincewa da dokar tayar da ƙabilun asali daga ƙasarsu, alhali ya san masu zaɓensa ƙasar suke kwaɗayi. Suka kayar da shi a 1831. Ya dawo a 1833, ya sake faɗuwa a 1835, ya tafi Texas ba tare da dokar filayensa ta wuce ba.